Saƙon da Ya Fito a Kan Gashin-bakin Ɗan Takara

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, kunya ce ta hana ni rubutu. Har yau in na zo wucewa ta gaban talabijin ɗin gidanmu sai na kau da kai. Ku gyara zama in ba ku labari, amma duk wadda ta yi min dariya, Allah ya nuna mata irin wannan rana a gaban surukanta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Kinanti, shekarata ashirin da bakwai. Ina koyarwa a wata sakandare a nan garinmu Pekalongan, kuma ni ke horar da 'yan ƙungiyar muhawara. Wato dai albashi ake biyana in koya wa yara cin gardama, alhali a gida ban taɓa cin ko ɗaya ba. Mahaifina, Bapak, marinin batik ne, irin na hannu da ake zanawa da narkakken kaki kafin a tsoma a rini. Mahaifiyata, Ibu, ita ke kula da mata masu zanen. Sai Bude Lastri, yayar Ibu, wadda ta zo mana biki da niyyar kwana uku, ga shi yanzu wata na biyar ke nan tana shirin tafiya.

Bude ba ta da aiki sai lissafin 'yan matan unguwa da suka yi aure. Ko gishiri na miƙa mata sai ta ce hannun nan ya isa riƙe jariri. Ibu kuwa ba ta magana, ajiyar zuciya kawai take yi, irin wadda ake ji tun daga kicin har ƙofar gida.

Shi kuma saurayina Mas Danang, a kasuwa na tsince shi. Ma'aikacin hukuma ne mai duba sikelin 'yan kasuwa. Na je sayen albasa na tarar da shi yana fama da wata tsohuwa, yana rantse mata cewa sikelinta ita yake cuta, duk kilo ɗaya sai ta yi kyautar albasa biyu ba ta sani ba. Tsohuwar tana korarsa, shi yana ba ta haƙuri yana gyarawa. Na tsaya ina dariya, ya ɗago ya ce in zan sayi albasa in yi sauri kafin ya gama. Wata takwas ke nan. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: bakinsa ba ya iya ƙarya. Na taɓa tambayarsa ko miyar da na kai masa ta yi daɗi, ya ce shinkafar ta dahu sosai.

Ranar da na yi ta maza na gaya wa Bapak akwai mai son zuwa gaishe shi, yana shanya yadi ne a bayan gida. Bai ko juyo ba. Ya ce ranar Lahadi akwai muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, yaron ya zo su kalla tare. Na ce ba zai tambayi ko ɗan waye ba? Ya ce asali kowa yana da shi, shi so yake ya ji yadda yaron yake auna mutane.

Nan na san akwai matsala.

Ba zan kama sunan kowa ba, kada a ce malamar makaranta ta shiga siyasa. 'Yan takara uku ne, a gidanmu kuma kowanne da sunan da muke kiransa. Akwai Likita, mace mai magana a hankali kamar tana rubuta magani. Akwai Ɗan Gayu, mai gashi yana ƙyalli. Sai Mai Gashin-baki, wanda Bapak yake so kamar su suka sha nono ɗaya. Hotonsa yana marina, yana jikin babur, yana ƙofar firij. Tun da aka fara yaƙin zaɓe Bapak ya daina aske nasa gashin-bakin, ya fito tsilli-tsilli fari da baƙi, Ibu ta ce ya koma kamar tsohon burushin wanke tukunya. Wani mai kawo mana kaki ya taɓa cewa mutumin ya cika surutu, daga ranar Bapak ya canza mai kawo kaki.

Saboda haka tun ranar Alhamis na fara horar da Mas Danang ta waya, kamar yadda nake horar da ɗalibaina.

Na rubuta masa: "In Bapak ya tambaye ka wa ya ci, Mai Gashin-baki ne."

Ya amsa da sunan da yake kirana, wato ƙanwa: "Ai ba a yi muhawarar ba tukuna, Dik."

"Ko an yi ko ba a yi ba, shi ya ci."

"In ya ci zan faɗa."

"In bai ci ba fa?"

Sai ya turo min hoton kyanwa tana leƙe ta bayan labule. Na kira shi, na yi masa bayani da hujja uku da misali da kammalawa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na iya magana ƙwarai, ya kamata a saka ni cikin 'yan takarar.

Ranar Lahadi tun la'asar hadari ya haɗu. Ibu ta soya ayaba, ta dafa gyaɗa, ta fito da kofunan baƙi masu zanen zinariya da ba a taɓa su sai da salla. Ni na canza kaya sau huɗu kafin na tsaya a kan doguwar riga ruwan ƙasa da koren mayafi. Bude ta dube ni sama da ƙasa ta ce koren ya sa na yi kama da ganyen ayaba, amma ba laifi, maza suna son abin da aka naɗe.

Ana idar da magariba ya iso, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa, riƙe da kwalin martabak, wainar nan mai ƙwai da nama da duk saurayi mai hankali yake kai wa gidan surukai. Ya cire takalmi, ya sunkuya ya kai hannun Bapak goshinsa, ya gaida Ibu da Bude. Komai daidai. Sai idona ya sauka a kan rigarsa. Batik ce, amma bugun inji, irin ta rataye a bakin titi. A gidan marinin hannu. Bapak ya kama gefen rigar da yatsa biyu, ya juya cikinta ya ga fari fat, alamar rini bai ratsa ba, ya saki. Ya tambaye shi a ina ya saya. Mas Danang ya ce a kasuwa, uku ake sayarwa a haɗe, kuma ba sa zuba. Ibu ta yi sauri ta ce shayi zai huce.

Muka zauna. Bapak a kujerarsa ta kullum, da zanensa na gida da baƙar hula kamar shi za a yi wa tambayoyin. Mas Danang a gefen doguwar kujera, gwiwoyi a haɗe. Ni da Ibu da Bude a tabarma. Ana taken ƙasa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, iska ta juya eriyar da ke kan rufi, hoton ya koma yashi. Bapak ya miƙe yana bubbuga talabijin, yana cewa makirci ne. Ni kuma, da shegen son a yaba min, na ce a kwantar da hankali, zan haɗa wayata da talabijin mu kalla ta intanet. Minti biyu na haɗa, duk abin da ke fuskar wayata ya koma kan babban allo, na jingine ta a gefen tiren shayi. Bapak ya ce ashe karatun nan yana da amfani. Na ji kaina ya kumbura.

Aka fara. Jama'a, ni malamar muhawara ce, abu uku nake dubawa: me ka faɗa, yaya ka faɗa, kuma ka gama kafin ƙararrawa ko a'a. A ukun nan Mai Gashin-baki bai tsira da ko ɗaya ba. An tambaye shi tsadar shinkafa, ya ɗauko labarin kakarsa da yadda take dafa shinkafa a tukunyar ƙasa, yana cikin hura wutar ƙararrawa ta buga. An tambaye shi ambaliyar da ke cin garuruwan bakin teku, ya ce zai kafa kwamiti, Likita ta tambaye shi a hankali me ya sami kwamitin da ya ce zai kafa a muhawarar baya, ya ɗauki ruwa ya sha, ashe kofin Ɗan Gayu ne. Na ƙirga "a gaskiya" goma sha ɗaya a amsa guda.

Bapak yana ta gyaɗa kai yana cewa dattaku ke nan, mutum ba ya gaggawa. Bude ta ce ita Ɗan Gayu ya ci, dubi haƙoransa, kuma an ce bai daɗe da rabuwa da matarsa ba. Ibu kuwa duk lokacin da Likita ta yi magana sai ta daina ɓare gyaɗa. Mas Danang kuwa ya ƙura wa talabijin ido kamar yadda yake kallon allurar sikeli, goshinsa yana tsattsafo da gumi ana wannan sanyi.

Sai aka zo tambayar da ta shafi gidanmu: yadin bugun inji da ake shigowa da shi yana kashe masu sana'ar hannu, me za a yi? Bapak ya matso bakin kujera, ya ce yanzu za mu ji magana. Mai Gashin-baki ya gyara murya, ya yabi batik, ya ce gadon kakanni ne, ya ce shi kansa yau ita ya sa don girmamawa. Ya buɗe kwat ya nuna rigar. Kamara ta matso. Ko ni da ban iya riƙe abin zanen kaki ba na gane bugun inji ce. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano.

Na saci kallon Mas Danang na yi masa ido, irin na kada ka manta. Ya sunkuyar da kai, na ga hannunsa ya shige ƙarƙashin tebur. A raina na ce madalla, addu'a yake yi. Ashe rubutu yake.

Wayata ta yi ƙara. A saman talabijin, daidai kan gashin-bakin ɗan takara, wani farin akwati ya sauko da rubutu manya-manya. Kuma kun san sunan da na ajiye lambarsa da shi? "Shugaban Ƙasata." Har da jar zuciya.

Na kai hannu zan wawuri wayar, na ture kofin shayi, wayar ta zame ta shige ƙarƙashin kujerar Bapak. Shi kuwa ya ɗaga min hannu alamar in zauna. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya saka a nutse, ya karanta a fili, kalma bayan kalma, kamar mai karanta sanarwa a masallaci:

"Dik, na san kin ce in ce mutumin Bapak ne ya ci ko da me ya faru. Wallahi ba zan iya ba. Ya sha kaye tun zagayen farko."

Kafin kowa ya yi numfashi, saƙo na biyu da ya riga ya tura ya sauko. Bapak ya karanta shi ma.

"Amma koren mayafin nan ya yi miki kyau, na kasa mai da hankali."

Bude ta tura bakin zaninta a baki, kafaɗunta suna rawa. Ibu ta tashi wai za ta duba ruwan zafi, alhali butar tana gabanta. Mas Danang ya ɗago ya ga rubutunsa a allo, fuskarsa ta koma kamar yadin da ba a rina ba. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Bapak ya cire tabarau ya ninke. Ya tambaya, wane ne Shugaban Ƙasa a nan? Mas Danang ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"To, ranka ya daɗe," in ji Bapak, "tunda an riga an rantsar da kai a gidana ban sani ba, ba mu hukunci. Wa ya ci?"

Na rufe ido. Na ji Mas Danang ya fara magana, kuma bai tsaya ba. Ya ce a ganinsa Likita ce ta ci, don ita kaɗai aka tambaya ta amsa abin da aka tambaye ta. Ya ce Ɗan Gayu ya iya baki, amma in ka cire murmushin ba sauran nauyi. Ya ce mutumin Bapak bai shirya ba, kuma maganar rigar ta fi komai muni, shi da ya sa irinta yau ya san kunyar da ke ciki. Sai ya ƙara da cewa abu ɗaya ya burge shi: lokacin da Ɗan Gayu ya yi wa Likita ba'a a kan muryarta, Mai Gashin-baki ne ya juya ya ce masa a girmama mace, alhali abokiyar hamayyarsa ce. Ya ce wannan ba a koya wa mutum a daren muhawara, da shi ya taso.

"Amma hali daban, cin muhawara daban, Bapak. Yau bai ci ba."

Bapak ya ɗauki martabak yanka ɗaya ya cinye, ya ɗauki na biyu. Aka ƙarasa muhawarar ba mai tari. Da aka gama Mas Danang ya yi sallama, Bapak ya miƙa masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ce a kula da hanya, akwai santsi. Ko rakiya ban iya yi ba. Ya turo min saƙo sau bakwai yana ba da haƙuri, ban buɗe ba, sai da na tabbatar na raba wayar da talabijin, na kashe talabijin, na zare wayar wutarsa daga bango.

Washegari da safe na sami Bapak a marina, hannunsa cikin shuni har gwiwar hannu. Na tsaya a bayansa ina murza yatsu, na fara ba da haƙuri a madadin Mas Danang, na ce bai saba ba ne, bakinsa ne haka. Bapak ya ɗago yadin ya matse, ya ce yaron bai yi masa laifin komai ba.

"Ina da ido, Nduk, 'yata. Na ga rigar kafin kowa ya gani. Shekara arba'in ina wannan sana'a." Ya mai da yadin cikin rini. "Ke ce kika ba ni mamaki. Ashe kallon da kike min ke nan, tsohon da sai an yi masa ƙarya ake zama da shi lafiya."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Bapak bai taɓa yi min magana da irin wannan sanyin murya ba. Na tuna shi ne mutumin da in yadi ya sami ɗigon kaki inda bai dace ba yake nuna wa mai saye da kansa kafin a yi ciniki. Na durƙusa a jiƙaƙƙen siminti da kayan makarantata, hawaye suna zuba, na ce tsoro ne ya sa ni, tsoron kada ya kore shi. Ya ce ya sani. Ya ce ai shi ma da ya je neman Ibu ya ce wa kakana yana son kifin gishiri, ga shi shekara talatin yana cin abin da ba ya so duk ranar da aka je gaisuwa. Na yi dariya cikin kuka. Ya dangwala min shuni a hanci da yatsa, kamar yadda yake min ina ƙarama.

Na tambaye shi ko yanzu zai canza ɗan takara. Ya ce Allah ya kiyaye, an taɓa canza ƙungiyar ƙwallo don ta sha kashi sau ɗaya? Sannan ya ce in gaya wa Shugaban Ƙasa ya zo ranar Lahadi mai zuwa da mahaifinsa, kuma in ɗaukar masa riga ɗaya a shago, kada ya sake shigo masa gida da wannan abin kunya.

Kun san abin da zuwa da mahaifi yake nufi, maganar aure ce. Na miƙe cike da murna. Ibu, wadda ashe tana bakin ƙofa da tiren shayi tun ɗazu, ta saki wata ajiyar zuciya, amma wannan karon mai daɗi. Har na juya zan tafi Bapak ya ce, af, yanzu sai a faɗa masa sunan uban yaron.

Na ce Pak Sarwono, na unguwar bayan tashar jirgin ƙasa, da can shi ma yana harkar batik kafin ya koma sayar da zare.

Hannun Bapak ya tsaya cak a cikin rini.

"Sarwono mai ɗan tabo a gira?"

Na ce e, na taɓa ganin hotonsa. Bapak ya zare hannunsa a hankali, bai ko goge ba, ya wuce mu ya shige ɗaki, shuni yana ɗiga a kan tayil ɗin da Ibu ta goge da asuba.

Na dubi Ibu. Ta ajiye tiren, ta ja ni gefe, ta rage murya. Ta ce shekara ashirin da suka wuce an yi zaɓen shugaban ƙungiyar marina ta garin nan, Bapak ya tsaya, Sarwono ya tsaya. Har muhawara suka yi a zauren ƙungiya. Sarwono ya kayar da shi da ƙuri'a ɗaya tak, kuma tun daga ranar ba a sake ambaton sunansa a gidan nan ba. Bapak ya yi shekaru yana binciken wanda ya ci amanarsa cikin mutanensa, bai gano ba.

Na ce to yanzu ya za mu yi? Ibu ta leƙa ƙofar ɗakin, ta leƙa kicin inda Bude take, sannan ta matso daf da kunnena.

"Ƙuri'a ɗayan nan, Nduk, tawa ce. Mutumin ya fi babanki iya magana a ranar. Kuma Sarwono ya sani, don a gabansa na jefa."